Nikolai Koltsov, Mutumin da Ya Hango Ƙashin Ƙwayar Halitta

An haifi Nikolai Koltsov a birnin Mosko na ƙasar Rasha cikin shekarar 1872, ya kuwa gama jami'ar birnin a 1894. A zamanin nan masana da yawa sun ɗauka ƙwayar halitta, wato ɗan mitsitsin tubalin da aka gina jikin mutum da dabba da tsiro da shi, ɗigon ruwa ce mai kauri kawai.

Shi Koltsov bai gamsu ba. Ya yi ta duba ƙwayoyin maniyyin ƙaguwa da danginta a madubin ƙara girma, ya ga siffofinsu iri-iri, wasu har da tsinaye. To, ɗigon ruwa in an ƙyale shi ai dunƙulewa yake yi. Me ke riƙe waɗannan? A 1903 ya bayyana cewa lalle akwai zaruruwa masu ƙarfi da ke tallafe ƙwayar, kamar yadda azara ke riƙe soro.

A 1917 ya kafa cibiyar binciken halittu a Mosko, amma bai sami zaman lafiya da hukuma ba. An kama shi a 1920 aka yanke masa hukuncin kisa, sai da marubucin nan Maksim Gorki ya sa baki ya tsira. A zamanin Stalin mutanen Lysenko, masu ƙyamar ilmin gadon halitta, suka taso masa, suna kafa hujja da ra'ayinsa na dā kan gyaran irin ɗan Adam. Aka tuɓe shi daga shugabancin cibiyar a 1939. Ya rasu a Leningrad ran 2 ga Disamba, 1940, matarsa kuma ta kashe kanta nan da nan.

Sai a 1963 madubin lantarki ya nuna siraran bututun nan sarai. Ashe aikinsu ya wuce tallafi: hanyoyi ne na jigila. Akwai wasu furotin, 'yan dako ke nan, da ke takawa a kansu ɗauke da kaya. Kinesin, wanda aka gano a 1985, yakan kai kaya gefen ƙwaya, dainin kuwa ya komo da su tsakiya.

Mai karatu ya duba jijiyar da ta taso daga gadon baya zuwa yatsan ƙafa. Ƙwaya ɗaya a cikinta takan kai tsawon kusan mita guda, kayan da ƙarshenta ke bukata kuwa yawanci daga can tushe ake turo su bisa waɗannan hanyoyi, mafi sauri yana cin wajen santimita 40 a yini.