NICOLAS DESMAREST, MUTUMIN DA YA KARANTA TARIHI A JIKIN DUTSE

Duk wanda ya taɓa tashi daga nan Potiskum ya tafi Biyu, ya ga baƙaƙen duwatsu barkatai a gonaki, da tuddai masu rami a ka, da Tafkin Tila. Masana sun ce waɗannan duka ragowar duwatsu masu aman wuta ne da suka daɗe da yin shiru. To, yaya aka san haka, alhali ba wanda ya ga aman? Hanyar sanin ta samo asali ne daga aikin wani Bafaranshe, Nicolas Desmarest.

An haife shi a ƙauyen Soulaines cikin 1725. Iyayensa talakawa ne, har ya kai shekara 15 bai iya karatu sosai ba. Bayan rasuwar ubansa aka sa shi makaranta a Troyes, daga can ya wuce Faris. Da ya girma sai gwamnati ta ba shi aikin duba masana'antu, watau na saƙa da na takarda. Wannan aiki ya sa shi yawon ƙasa, yawanci kuwa a ƙafa, guzurinsa ɗan cuku, makwancinsa bukkar makiyaya.

Cikin 1763 ya isa lardin Auvergne, inda wani masani, Guettard, ya riga ya gane tun 1751 cewa tuddan wurin tsofaffin duwatsun wuta ne. Nan Desmarest ya ga baƙin dutse ya tsattsage tsaye kamar ginshiƙai. Sai ya bi sawunsa, kamar yadda maharbi ke bin sawun nama, har ya kai shi bakin ramin da ya fito. Ashe narkakken dutse ne ya kwararo ya daskare.

Bai tsaya nan ba. Ya lura kwararar ba ta zamani ɗaya ba ce, ya kasa ta uku. Sabuwa tana kwance cikin kwari, raminta na nan da gawayinsa. Ta tsakiya ruwa ya cinye raminta, koguna sun yanka ta, har ta koma hula bisa tudu. Mafi tsufa kuwa tana binne ƙarƙashin wasu duwatsu da laka ta haifar. Da haka ya jera tarihin aman bi da bi, ya zana taswira, aka buga bayaninsa cikin 1774.

Almajiran Werner, wani babban malami na Jamus, suka musa, wai baƙin dutsen nan daga ruwan teku ya kwanta. Desmarest bai shiga gardama ba, iyakarsa ya ce wa mai shakka ya je ya duba da idonsa. Da yawa suka je, suka komo sun gamsu. Ya mutu a Faris cikin 1815, ɗansa ya fitar da cikakkiyar taswirar cikin 1823.

Yau an auna an ga aman ƙarshe a Auvergne bai fi shekara 7,000 ba, saboda haka ba a cewa wutar ta mutu, barci ta ke yi. Mu kuma da mu ke shirin zama malamai, in mun zo koyar da labarin ƙasa, kada mu tsaya ga allo kaɗai. Mu fita da yara bakin kududdufi ko inda a ke gina rijiya, su ga yadda ƙasa ta ke hawa hawa, su gane na ƙasa ya girmi na sama. Gani ya kori ji.