Tarihin Sarki Sabata, Wanda Ya Ƙi 'Yancin Bogi

 Wannan makon na kawo muku tarihin Sabata Dalindyebo, wani sarki na ƙasar Afirka ta Kudu.

An haife shi a 1928, ya zama sarkin ƙabilar Tembu a 1954. Shi da Nelson Mandela dangi ne. A zamaninsa Turawa 'yan tsiraru ke mulkin wariyar launin fata. Sun riƙe mafi yawan ƙasa, suka ware wa baƙar fata kusan kashi 13 cikin 100, suka yayyanka ta gida goma bisa ƙabila. Mu 'yan Ungogo mun san yadda gona ke ƙanƙancewa idan masu ita sun yi yawa.

Yankin su Sabata shi ne Transkei, wato tsallaken kogin Kei. A 1963 aka ba yankin gwamnatin kansa, wani ɗan'uwansa mai suna Kaiser Matanzima ya zama shugaba. Ranar 26 ga Oktoba 1976 aka ce Transkei ta zama ƙasa mai 'yanci. Amma Nijeriya da sauran ƙasashen duniya ba su amince ba, don dabara ce. Mutanen yankin sun rasa zamansu na 'yan Afirka ta Kudu, suka koma baƙi a biranen da suke aiki.

Da Sabata ya yi shiru, da ya zauna lafiya a kan gadonsa. Sai ya fito fili ya soki tsarin. Aka kama shi a 1979, aka tuɓe shi a 1980, ya yi gudun hijira zuwa Zambiya. Ya rasu a birnin Lusaka a 1986. Wannan ya tuna mini da Sarkin Kano Alu, wanda shi ma ya rasu nesa da gida, a Lakwaja.

Ko gawarsa ba a girmama ba, sai a 1989 aka sake binne shi kamar sarki. A 1994 wariya ta faɗi, aka rushe Transkei, ƙasa ta koma ɗaya.

'Yan'uwa, Sabata ya rasa sarauta amma bai rasa mutunci ba. Mu ma kada mu yarda a raba mu da sunan ƙabila.

Daga ɗalibar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida.