Matar da Ta Binciki Asirin Teku

Yaran Kurmin Mashi sun san Kogin Kaduna da kifayensa. Amma teku ya fi kowane kogi girma, kuma akwai halittu masu ban mamaki a cikinsa. Ɗaya daga cikinsu ita ce argonot. Hannuwanta takwas, ba ta da ƙashi ko ɗaya. Tamatar tana da wani farin ɓawo marar kauri, kamar takarda, a ciki take ajiye ƙwanta. Masana sun daɗe suna gardama a kan ɓawon nan. Waɗansu suka ce ita ke yin abinta, waɗansu suka ce tsinta take yi. Wata mace ce ta raba gardamar.

Sunanta Jeanne Villepreux. An haife ta a garin Juillac, a ƙasar Faransa, cikin shekarar 1794. Ubanta mai ɗinkin takalma ne. Da ta kai shekara 18, sai ta tasar wa birnin Paris a ƙasa, tafiyar wajen mil 250. Can ta kama sana'ar ɗinki, ta gwanance, har ta yi wa wata gimbiya adon rigar aure a 1816.

A 1818 ta auri wani Baturen Ingila ɗan kasuwa, James Power, suka zauna a Messina, bakin teku, a tsibirin Sisili. Nan ta duƙufa ga karatu, tana koya wa kanta ilmin halittu.

A zamanin nan yawancin masana matattun dabbobin teku suke dubawa. Ita kuwa ta ga gawa ba ta nuna halin mai rai. Saboda haka a 1832 ta ƙago akwatin gilashi, ta cika shi da ruwan teku, ta kuma kafa waɗansu keji a cikin tekun kansa. Ta zuba argonot ciki, kullum tana kai musu abinci, tana lura da su.

Ta ga 'ya'yan suna fitowa daga ƙwai ba ɓawo, daga baya ɓawon ya fara bayyana. Sai ta ɗan fasa ɓawon wata babba, ta zuba ido. Ashe da hannuwanta biyu masu faɗi dabbar ke fitar da abin da take liƙe tsagar. Gardama ta ƙare, gani ya kori ji.

A 1843 ta bar Sisili. Jirgin ruwan da ya ɗauko kayanta ya nutse, yawancin takardunta da zane-zanenta suka salwanta. Ta rasu a garinsu a 1871, mutane suka daɗe da mantawa da ita. Amma aikin kirki ba ya ɓata. A 1997 aka sa wa wani babban rami na tauraruwar Zahra sunanta.