Fatima al-Yusuf: marainiyar da ta kafa mujalla a Masar

Ƴan uwa matasa, idan kuka je Alƙahira za ku tarar da wata mujalla mai suna Rose al-Yusuf. Sunan mace ne, kuma ita ta kafa ta da kanta.

An haifi Fatima al-Yusuf a garin Tarabulus na ƙasar Labanan wajen shekara ta 1898. Uwarta ta rasu tana jinjira, ta tashi a hannun wasu mutane Kiristoci, su ne suka laƙaba mata Rose. Tana ƙaramar yarinya ta isa Iskandariyya, ba uwa ba uba, ba wani karatun lakwal mai zurfi. Azizu Idu, masanin wasan kwaikwayo, shi ya gane bajintarta, ya horar da ita. Da Yusuf Wahabi ya kafa ƙungiyar wasa ta Ramsis a 1923, ita ce babbar tauraruwarsu.

To, a wancan zamani ba a ganin ƴar wasa da mutunci, jaridu kuma sukan rubuta abin da suka ga dama game da masu sana'ar. Maimakon ta tsaya kuka, sai ta bar dandali sunanta yana tashe, ta fitar da mujallarta a watan Oktoba na 1925, ta sa mata sunanta. Ku duba fa: mace, baƙuwa, ba dangi, ba dukiya, ta shiga fagen da maza suka riƙe.

Da fari mujallar al'adu da wasanni ce. Ba a jima ba ta koma siyasa, ita da marubuci Muhammad al-Tabi'i, suna sukar Turawan Ingila da ke riƙe da Masar da ministocin da ke yi musu biyayya, har da zanen barkwanci. Hukuma ta sha ƙwace mujallar tana hana ta fita, ita kuwa ba ta daina ba.

Babbar jarrabawa ta zo a 1935. Ta buɗe jaridar kullum, Abbas Mahmud al-Akkad yana cikin masu rubutu. Ta saɓa da jam'iyyar Wafdu wadda ta daɗe tana goyon baya, jam'iyyar ta juya mata baya, masu saye suka janye. Jaridar ta mutu, bashi ya yi mata katutu. Da ta yi shiru da ta tsira da kuɗinta. Ta zaɓi ra'ayinta, ta riƙe mujallar mako-mako har ta farfaɗo.

Ɗanta Ihsan Abdul Ƙuddus ya zama babban marubuci, kuma a wannan mujalla ce ya tono badaƙalar lalatattun makaman da aka ba sojan Masar a yaƙin Falasɗinu na 1948. Fatima ta rubuta tarihin rayuwarta, ta kafa wata mujallar, Sabahul Khair, a 1956. Ta rasu a watan Afrilu na 1958. Allah ya jiƙanta.

Ƴan uwa, musamman ku ƴan mata na ƙungiya, maraici da ƙarancin karatu ba su hana Fatima riƙe alƙalami ba. Ku da kuke da makaranta da malamai, ku fara ko da shafi guda ne a takardar ƙungiya. Ku tabbatar da labari kafin ku rubuta, kuma ku san faɗin gaskiya yakan ci kuɗi da abokai. Allah ya ba mu ikon tsayawa a kanta.