Tarihin Duke Ellington, Shugaban Makaɗan Jaz

A cikin watan Yuli na shekarar 1972 Jami'ar Wisconsin da ke garin Madison a ƙasar Amurka ta shirya wani biki na kwana biyar don girmama wani dattijo baƙin mutum mai shekara 73. Dattijon nan ba furofesa ba ne, ko sakandare ma bai gama ba. Makaɗi ne. Amma sai ga malamai da ɗalibai sun cika ɗakunan karatu suna ɗaukar darasi a gabansa da gaban yaransa, da dare kuma a yi wasa. Sunansa Edward Kennedy Ellington, amma duniya ta fi saninsa da Duke Ellington. Tarihinsa nake so in ba masu karatu, musamman waɗanda ke ganin kiɗa aikin marasa abin yi ne.

An haife shi a birnin Washinton ran 29 ga Afrilu, 1899. Ubansa ma'aikaci ne a gidan wani likita, uwarsa Daisy kuwa ta ɗauki son duniya ta ɗora masa. Dukansu biyu suna kaɗa piyano. Yana ɗan shekara bakwai aka sa shi koyo, amma hankalinsa yana wajen wasan ƙwallo, har ya riƙa tallan gyaɗa a filin wasa. Saboda tsabtarsa da iya sa tufafi abokansa suka laƙaba masa Duke, watau wata sarauta ta Turawa. A makaranta zane ya koya, har aka ba shi gurbin ƙaro ilmi a wannan fanni, ya ƙi. A 1917 ya bar makaranta saura 'yan watanni ya gama. Da rana yana rubuta allunan talla, da dare yana kiɗa a wuraren biki.

A 1923 ya koma Niyok tare da 'yan abokansa. Kiɗan da suke yi shi ne jaz, wanda baƙaƙen Amurka suka ƙago. Ana yinsa da piyano da ganguna da kayan busa irin na 'yan badujala, kuma ana ba kowane mai busa dama ya fito shi kaɗai ya ƙaga abin da ya zo masa nan take. A ƙarshen 1927 aka ɗauke su aiki a wani gidan rawa mai suna Cotton Club a unguwar Harlem. Abin takaici, unguwar ta baƙaƙe ce, makaɗa da 'yan rawa baƙaƙe ne, amma masu shiga kallo Turawa ne. Duk da haka gidan ya amfane shi, don daga nan ake watsa kiɗansa ta rediyo, har sunansa ya game ƙasar. Ya zauna nan har 1931.

To, a nan ne abin da ya bambanta shi da sauran shugabannin makaɗa ya bayyana. Wani idan zai tsara kiɗa sai ya rubuta abin da ƙaho zai busa, ko wane ne ya riƙe ƙahon. Shi kuwa Ellington mutumin yake rubuta wa. Ya san wanda busarsa ke da taushi, ya san wanda tasa ke gurnani, ya san inda kowa ke da rauni, sai ya yanka wa kowa rigarsa daidai wuyansa. Saboda haka idan mutum ya bar ƙungiyar, wani lokaci dole a sake tsara waƙar. Mutanensa kuwa ba su cika barinsa ba. Harry Carney, mai busa babban saksofon, ya shigo a 1927 yana ɗan shekara 17, bai fita ba har shekara 47. A shekarun baya ma shi ke tuƙa maigidan a mota daga gari zuwa gari. A 1939 wani saurayi, Billy Strayhorn, ya zo ya zama abokin tsara kiɗansa. Shi ya tsara Take the A Train, wadda ta zama taken ƙungiyar, kuma mutane da yawa har yau suna zaton ta Ellington ce. A ganina ba a yi wa Strayhorn adalci ba wajen yabo.

Tafiya kudancin Amurka a wancan zamani wuya ce ga baƙin mutum, don masaukai ba su karɓarsa. Sai Ellington ya riƙa hayar taragun jirgin ƙasa, yaransa su ci su kwana a ciki, ba mai wulakanta su. A watan Janairu na 1943 ya kai wani dogon kiɗa, Black, Brown and Beige, babban zauren Carnegie, yana ba da tarihin baƙaƙen Amurka tun daga bauta. Masu sharhi da dama suka kushe shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwar manyan ƙungiyoyi ta faɗi. Ciyar da mutum goma sha biyar da biyan su albashi ya gagari shugabanni da yawa, suka sallami yaransu. Ellington ya ƙi. Kuɗin da tsofaffin waƙoƙinsa ke kawo masa ya riƙa zubawa a albashi, domin in ba su, ba shi da wanda zai busa masa abin da ya rubuta jiya ya ji da kunnensa yau. Aka fara cewa zamaninsa ya wuce. Sai a bikin jaz na Newport a 1956 ya saki wani yaronsa, Paul Gonsalves, ya yi busa zagaye 27 ba tsayawa, jama'a suka miƙe suna rawa, wuri ya ruɗe. Faifan wannan dare ya fi duk faya-fayansa ciniki.

Bai manta Afirka ba. Ya tsara wa Laberiya kiɗa a 1947 lokacin da ta cika shekara ɗari, ya yi wasa a Dakar a 1966, ya kuma je Habasha a 1973. A gida kuwa, a 1965 an ba da sunansa don lambar Pulitzer, hukumar ta hana. Sai a 1999 suka ba shi, yana da shekara 25 a kabari. Amma a 1969 Shugaba Nixon ya ba shi lambar girma mafi daraja ta farar hula, jami'o'i kamar Yale kuma suka ba shi digirin girmamawa.

Mu koma bikin Wisconsin. Bai je hannu sake ba. Ya tsara wa jami'ar sabon kiɗa mai suna Uwis Suite, har ya sa a ciki irin kiɗan polka da jikokin Jamusawa da 'yan Folan na wannan jiha ke so.

Bayan wannan biki da ƙasa da shekara biyu ciwon dajin huhu ya kwantar da shi, ya mutu ran 24 ga Mayu, 1974, ya bar kiɗa fiye da dubu. Mutum fiye da 12,000 suka halarci jana'izarsa a Niyok. Ɗansa Mercer ya karɓi ƙungiyar. Harry Carney kuwa wata huɗu da rabi kawai ya ƙara a duniya, shi ma ya bi maigidansa.