Likita Gianna Molla, Matar Da Ta Sa Ran Jaririyarta Gaba Da Nata

A wannan mako filin namu zai kai mu ƙasar Italiya, mu ji labarin wata likita wadda ta rasu tun shekarar 1962, amma har yanzu ba a daina gardama a kan abin da ta yi ba. Sunanta Gianna Beretta Molla, mutanen ƙasarsu kuwa Janna suke furta sunan. 'Yar ɗarikar Katolika ce, matar aure, uwar 'ya'ya huɗu. Duk macen da ta taɓa ɗaukar ciki za ta gane nauyin abin da aka ɗora wa wannan baiwar Allah.

An haife ta ran 4 ga watan Oktoba 1922 a wani gari da ake kira Magenta, yamma da birnin Milan. Ita ce ta goma cikin 'ya'ya goma sha uku da iyayenta suka haifa, amma takwas ne suka girma, biyar sun rasu tun suna ƙanana. Gidansu gida ne na addini da karatu. Cikin waɗanda suka rayu an sami likitoci da injiniyoyi da mai haɗa magunguna, maza biyu suka zama Fada, ƙanwarta Virginia kuma ta zama likita kuma Sista, har ta yi aiki a ƙasar Indiya.

Wani abin da zai ba iyaye ƙarfin gwiwa shi ne, Gianna ba ta cikin yaran da ke zuwa na ɗaya a aji. Karatu da wahala ya shige ta, ga kuma rashin ƙoshin lafiya da ya taɓa sa ta zauna gida ta huta. Mu malamai mun san irin waɗannan yara, shiru-shiru a tsakiyar aji, ba a cika lura da su ba sai bayan shekaru a ji sun zama wani abu. A shekarar 1937 yayarta Amalia ta rasu tana da shekara 26. A 1942 kuma, ana tsakiyar yaƙin Hitila, uwa da uba suka rasu, 'yan watanni ne tsakaninsu. A cikin wannan shekara ta maraici ta shiga jami'ar Milan don koyon aikin likita. Jiragen yaƙi na ruwan bama-bamai a birnin, karatu na tsayawa yana tashi, daga baya ta koma jami'ar Pavia, inda ta sami digirinta a ƙarshen watan Nuwamba 1949. Shekara ta kewayo ta buɗe ɗan asibitinta a ƙauyen Mesero, a 1952 kuma ta ƙara samun takardar ƙwarewa a kan ciwon yara.

Burinta na farko ba aure ba ne. Wanta Enrico, wanda aka fi sani da Fada Alberto, likita ne kuma ɗan mishan a wani lungu da ake kira Grajaú a arewacin Birazil, inda ya kafa asibiti. Gianna ta so ta bi shi ta riƙa karɓar haihuwar matan wurin. Aka ba ta shawara cewa jikinta ba zai jure zafin wannan ƙasa ba, ta haƙura, ko da yake abin ya daɗe yana damunta.

Kada mai karatu ta zaci wata mai ɗaure fuska ce da ba ta san daɗin duniya ba. Tana son hawan duwatsu da wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, tana kaɗa fiyano, tana zane, tana kuma son tufafi masu kyau. Wannan bai saɓa wa abin da aka koya mata ba. A koyarwar Katolika jiki da rai abu guda ne, Allah ne ya halicce su tare, saboda haka jiki ba abin ƙyama ba ne, kuma wanda ya kula da jikin majinyaci ibada yake yi. Tun tana budurwa take cikin wata ƙungiyar Katolika ta waɗanda ba limamai ba, wadda aikinta shi ne kai addini cikin harkokin yau da kullum, a makaranta da wurin aiki da unguwa. Tana jagorancin 'yan mata a ƙungiyar, tana kuma kai ziyara gidajen tsofaffi da matalauta.

A watan Disamba 1954 ta haɗu da Pietro Molla, injiniya ne kuma babba a kamfanin ashana na SAFFA, ya girme ta da shekara goma. Aka ɗaura aure ran 24 ga Satumba 1955 a Magenta, tana gab da cika shekara 33. Suka tare a Ponte Nuovo kusa da kamfanin. Aure bai sa ta ajiye aiki ba, ta ci gaba da duba majinyata a Mesero, aka kuma ba ta kula da wurin awon mata da jarirai na unguwarsu. Ta haifi Pierluigi a 1956, Mariolina a 1957, Laura a 1959. Babu cikin da ya zo mata da sauƙi, kowanne da laulayi mai tsanani da amai, ga naƙuda mai tsawo. Bayan Laura ta yi ɓari sau biyu.

To, a shekarar 1961 ta sake samun ciki. Wajen ƙarshen wata na biyu aka gano wani ƙari ya fito mata a mahaifa, babba, yana kuma ba ta ciwo. Irin ƙarin nan ne da ba sankara ba, wanda mata da yawa ke ɗauke da shi ba su sani ba, likitoci kuma sun tabbatar ya fi yawa a jikin baƙaƙen mata. Sau da yawa ba ya hana komai, amma nata ya yi girman da ba za a bar shi ba.

Hanyoyi uku ke gaban likitoci. Ko a cire mahaifar gaba ɗaya da ƙarin da ɗan tayin, wannan ita ce ta fi tabbatar da lafiyar uwa, sai dai an rasa cikin kuma ta gama haihuwa har abada. Ko a zubar da cikin, a yanke ƙarin, a bar mata mahaifa don gaba. Ko kuwa a yanke ƙarin kaɗai a ɗinke, a bar cikin ya ci gaba. Haɗarin ta ukun shi ne, mahaifar da aka ɗinke za ta yi ta buɗewa wata bakwai, ɗinkin yana iya ɓallewa, jini ya ɓarke. Gianna likita ce, ba sai an yi mata bayani ba.

A nan ne mutane da yawa ke ɓata labarin, su ce cocinta ne ya tilasta mata. Ga yadda koyarwar take. Katolika sun ɗauka cewa ran mutum yana farawa tun ranar da ciki ya shiga, don haka ba a yarda a nufi ɗan tayi da kisa ba, ko da dalili mai kyau ne. Wannan ya rufe hanya ta biyu. Amma hanya ta farko a buɗe take. Idan mahaifa ce ke da cuta, an yarda a cire ta don a ceci uwa, ko da an san ɗan ba zai rayu ba, domin abin da aka nufa shi ne cutar, mutuwar ɗan kuwa ta biyo baya ne ba da so ba. Tun a 1951 Paparoma Pius na Goma Sha Biyu ya bayyana cewa coci bai taɓa koyar da a fifita ran ɗa a kan na uwa ba, wajibi ne a yi iyakar ƙoƙari a ceci duka biyun. Watau da Gianna ta ce a cire mahaifar, babu limamin da zai ce ta yi zunubi. Ita ce da kanta ta zaɓi hanya ta uku.

Ran 6 ga Satumba 1961 aka yi mata aiki a asibitin San Gerardo da ke garin Monza. Aka cire ƙarin, cikin ya tsaya. Da ta warware ta koma bakin aikinta, tana duba 'ya'yan wasu tana renon nata, har cikin ya tsufa. Ba mutuwa take nema ba. Da mijinta zai yi tafiya Faransa a watannin nan, ta roƙe shi ya taho mata da mujallun ɗinki na Paris, domin tana shirin sabon ado idan ta sauka lafiya. Duk da haka, da haihuwa ta matso, ta gaya masa ƙarara cewa idan har aka kai inda dole a zaɓi ɗaya tsakaninta da abin da ke cikinta, to a ceci ɗan, kada a yi wata-wata.

Ta shiga asibiti ran Jumma'a 20 ga Afrilu 1962, kwana biyu kafin bikin Ista. Aka yi ƙoƙarin ta da naƙuda, abu ya ƙi. Washegari da safe aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace lafiyayya, mai nauyin kilo huɗu da rabi, aka sa mata suna Gianna Emanuela. Abin lura shi ne ɗinkin da ake tsoro bai ɓalle ba, kuma ba a kai ga zaɓen da ta yi wasiyya a kansa ba. Wani abu dabam ne ya zo. Sa'o'i kaɗan bayan aikin zazzaɓi ya rufe ta, ƙwayoyin cuta suka harbi fatar da ta lulluɓe kayan ciki. Aka yi allurai da duk magungunan da ake da su a lokacin, ba su ci ba. Kwana bakwai tana shan azaba. Da aka ga babu sauran dabara, aka mai da ita gidanta da asubahin 28 ga Afrilu kamar yadda ta so, ta cika da misalin ƙarfe takwas na safe. Shekarunta 39. Babban ɗanta yana da shekara biyar.

Ni dai a nan zuciyata ta fi karkata ga yaran nan da mahaifinsu. Pietro ya rage da 'ya'ya huɗu, ɗaya jaririyar mako guda, 'yan'uwa mata suka taya shi reno. Ba a cika shekara biyu ba Mariolina ta rasu tana da shekara shida. Bai sake aure ba. Masu sukar abin da Gianna ta yi suna tambaya, shin uwa tana da ikon jefa ranta cikin haɗari alhali ga 'ya'ya uku a ƙasa suna bukatarta? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma za a kore ta da tsawa ba. Masu goyon bayanta suna amsawa cewa a idonta 'ya'ya huɗu take da su tun daga watan Satumba, na cikin kuwa shi ne wanda ba shi da kowa sai ita, sauran ukun suna da uba da dangi. Abin da ba na so wata ta ɗauka daga labarin shi ne cewa jarumtaka ita ce a zauna gida a ƙi asibiti. Wannan mata ta je awo da wuri, shi ya sa aka ga ƙarin tun ciki na wata biyu. Ta yarda aka yanka ta har sau biyu, ta haihu a hannun likitoci, ta sha duk maganin da aka ba ta.

Bayan rasuwarta ƙasar Italiya ta sake ƙwarai. A 1970 aka halatta sakin aure, a 1978 majalisa ta yi dokar da ta yarda a zubar da ciki cikin kwana 90 na farko. A 1981 wata ƙungiya mai goyon bayan coci ta nemi a rushe yawancin dokar ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, amma wajen kashi biyu cikin uku na masu jefa ƙuri'a suka ƙi, a ƙasar da mafi yawan mutanenta Katolika ne. Cikin wannan ja-in-ja sunan Gianna ya riƙa fitowa. Paparoma Paul na Shida ya ambace ta a bainar jama'a a 1973. Paparoma John Paul na Biyu, wanda ya zo Kaduna a 1982, shi ya sa ta cikin masu albarka ran 24 ga Afrilu 1994, matakin da ke gaban zama waliyya. A shekarar ce kuma aka yi babban taron duniya kan yawan jama'a a Alƙahira, inda wakilan Paparoma suka yi ta jayayya a kan batun zubar da ciki. Saboda haka wasu mata a Turai suka ce da gangan aka ɗauko labarinta don a nuna wa mata cewa mace tagari ita ce mai mutuwa wajen haihuwa. Mijinta kuwa, duk inda aka tambaye shi, ya fi son ya yi maganar yadda ta rayu, da fara'arta da aikinta, ya kuma ce shi bai taɓa lura cewa da waliyya yake zaune ba.

Yawanci Katolika ba sa naɗa waliyyi sai sun binciki wata waraka da suka gaskata ta faru ta dalilin roƙon da aka yi da sunansa. Duka biyun da aka karɓa game da Gianna a Birazil suka faru, ƙasar da ta so zuwa ba ta samu ba. Ta farko ma a 1977 ce, a asibitin nan na Grajaú da wanta ya kafa, ga wata mai jego da ciwo ya tsananta mata bayan an yi mata aiki.

Ran 16 ga Mayu 2004 aka sa ta cikin jerin waliyyai a dandalin Bitrus da ke birnin Rum. Pietro yana zaune a wurin, tsoho ɗan shekara 91, tare da 'ya'yansu, abin da ba a saba gani ba, domin yawancin waliyyai mata ba su yi aure ba, ko kuwa sun mutu da ɗaruruwan shekaru. Gianna Emanuela, jaririyar nan ta ranar Asabar, ta girma ta zama likitar tsofaffi. Daga baya ta ajiye aikin asibiti ta koma gida tana jinyar mahaifinta, har ya rasu ran 3 ga Afrilu 2010 yana da shekara 97, aka binne shi a Mesero inda matarsa take kwance.