Alhaji Mamman Shata Katsina, 1923–1999

A garin Musawa ta ƙasar Katsina aka haifi Mamman Shata a shekarar 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, gama a wancan zamani ana ɗaukar waƙa daidai da roƙo. Saboda haka ya soma da tallar goro, yana rerawa a kasuwa da dandali, har waƙar ta rinjayi cinikin.

Da kalangu da 'yan amshi ya zaga ƙasar Hausa, ya waƙe sarakuna, cikinsu har da Sarkin Kano Ado Bayero. Daga baya ya ƙetara da jama'arsa zuwa Nijar da Gana, har Ingila da Amurka, ya yi wasa a gaban waɗanda ba su jin Hausa. Mu da muka saba riƙe littafi kafin mu rera waƙa, wannan ne ya fi ba mu mamaki: nan take yake tsara baiti, 'yan amshi su karɓa. Ko kumbon Apollo 11 sai da ya yi masa waƙa.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a asibiti a Kano cikin watan Yunin 1999, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa, Sarki Muhammadu Bashar.